Yadda Ake Mayar da Masana'anta Kan Ƙira Gaɓa-Gaɓa, Ta Kuma Riƙa Koyo Daga Aikinta

Masana'antar da ke ƙera kaya iri-iri ba ta rabuwa da ciwon kai guda. Duk sabon samfuri yana zuwa da nasa sassan, sito ya cika maƙil, ma'aikaci bai gama sabawa da wannan ba an ɗora masa wancan, in kuma kaya ya ƙi aiki a ƙarshen layi sai an kwance shi kaf kafin a gano inda cutar take. Ƙira gaɓa-gaɓa ita ce a raba kayan zuwa 'yan manyan gaɓoɓi, a harhaɗa kowace gaɓa a wurinta, a gwada ta ita kaɗai, sannan a haɗa su a ƙarshe cikin 'yan mintoci.

Rabawar kanta ba ta kawo riba. Ribar tana cikin maimaitawa: gaɓa ɗaya ta shiga samfura da yawa, hannu ya saba da ita, a gano dabarunta, a rubuta su. In ba a tsara yadda za a riƙe abin da aka koya ba, an dai sauya wurin tebura ne kawai. Shi ya sa wannan jagora ya haɗa abubuwan biyu. Zan yi misali da fanka mai tsayuwa saboda kowa ya san sassanta, amma hanyar ɗaya ce ko kujera kake ƙerawa, ko famfon ruwa, ko akwatin rarraba wuta.

Abin da za ka tanada

Samfuri ɗaya-ɗaya na kowane irin kayan da kake ƙerawa, waɗanda za a iya kwancewa.
Sukurudireba, sifana, filaya, da ma'aunin kauri mai nuna ɗigon milimita.
Agogo mai ƙirga daƙiƙa. Na cikin waya ya wadatar.
Babban allo, maka, da ƙananan takardu masu manne. In babu allo, a buɗe kwali a manna a bango.
Littafi mai bango mai ƙarfi, guda ga kowane wurin aiki.
Bayanan oda na aƙalla wata 6, da jerin kayan da kwastomomi suka dawo da su.
Mutane: foman, ma'aikata biyu ko uku da suka fi daɗewa a kan aikin, mai kula da sito, da mai zana kayan.

Kwamfuta ba dole ba ce a farko. In akwai, Excel ya isa. Abin da ba ya yiwuwa babu shi shi ne mutum ɗaya da kowa ya yarda cewa maganarsa ce ta ƙarshe a kan wuraren da gaɓoɓi ke haɗuwa. Ka san ko wane ne shi tun kafin a kwance noti ɗaya.

Mataki na 1: Ka auna inda kake tsaye

Zaɓi dangin kaya guda, wanda ya fi fita kuma samfuransa suka yi kama da juna. Kada ka taɓa sauran tukuna.

Na mako biyu, ka rubuta abu huɗu kullum: mintocin aikin hannu da kaya ɗaya ke ci, yawan kayan da suka wuce gwaji tashin farko ba tare da gyara ba, kwanakin da ke tsakanin karɓar oda da fitar kaya, da adadin sassa mabambanta da sito ke ajiyewa saboda wannan dangi. Ka tsaya a wurin aikin ka auna da kanka, gani ya kori ji. Adadin da ke cikin ofis galibi na yadda ya kamata a yi ne, ba na yadda ake yi ba.

Ka gaya wa ma'aikata dalilin agogon da ke hannunka. In ka yi shiru, wasu za su ƙara sauri don tsoro, wasu su ja jiki don kada a ƙara musu aiki, duka biyun kuma sun ɓata maka awon.

Mataki na 2: Ka kwance kayan, ka zana alaƙar sassa

A shimfiɗa sassan kowane samfuri a jere, sanda kusa da sanda, maɓalli kusa da maɓalli. Nan take za ka ga abin mamaki: kusoshi iri bakwai inda biyu za su yi, ko maɓallai uku masu aiki ɗaya da ramukansu suka bambanta da milimita guda, ba don komai ba sai don mutane daban ne suka zana su a shekaru daban.

Daga nan ka zana jadawali mai gida-gida. Jera sunayen sassan daga sama zuwa ƙasa, ka sake jera su daga hagu zuwa dama. A kan kowane gida ka yi tambaya ɗaya: in na canza wannan, dole in canza wancan? In eh ne, sa alama. Wani masani mai suna Donald Steward ne ya wallafa wannan dabara a 1981, kuma har yau injiniyoyi na amfani da ita a kan motoci da jirage. In ka sake jeranta sassan yadda masu alaƙa za su zauna kusa da juna, za ka ga alamomin sun taru gungu-gungu. Kowane gungu ɗan takarar zama gaɓa ne.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sa alama a kan sassan da ke taɓa juna kaɗai. Kan fanka ba ya taɓa gindinta, sanda ce tsakaninsu, amma in kan ya ƙara nauyi gindin bai ƙara faɗi ba, fankar za ta kife. Haka zafi, girgiza, ƙarfin wuta da ƙara, duk suna ɗaure sassan da ko kusa da juna ba sa yi. Tsofaffin ma'aikata sun fi mai zane sanin irin waɗannan, don su suka sha gyaran. Ka bar su su yi magana.

In sassan sun haura 50 ko 60, haɗa ƙanana irin su washa da noti a ƙarƙashin abin da suke riƙewa, in ba haka ba jadawalin zai fi ƙarfin allo.

Mataki na 3: Ka yanke gaɓoɓin

Gaɓa mai kyau tana yin aiki ɗaya da za a iya faɗa a jimla guda, ana iya gwada ta ba tare da sauran kayan ba, kuma alaƙarta da waje kaɗan ce. Ƙari a kan haka, ka ware abin da kwastoma ke yawan son a canza masa daga abin da ba ya canzawa.

A fanka, da yawa za su so raba fuka-fukai da mota, wato injin da ke juya su. Jadawalin zai hana su, domin girman fiffike shi ke ƙayyade nauyin da ke kan mota da zafin da za ta yi. Su zauna tare a gaɓa ɗaya, wato kai. Sauran su ne sanda, gindi, da akwatin maɓalli. Da kai iri 3, sanda iri 2, gindi iri 2 da akwatin maɓalli iri 2, nau'o'in gaɓa 9 ke nan, amma za su ba ka fanka iri 24. Da irin wannan lissafi kamfanin Scania na ƙasar Suwidin ya daɗe yana haɗa manyan motoci masu siffofi barkatai daga 'yan nau'o'in inji, giya da kan mota.

Wannan tsari yana da kuɗinsa, kuma gara ka sani tun yanzu. Ƙaramar fanka za ta ɗauki sandar da aka yi don babba, ƙarfe ya ƙaru ke nan. Inda da waya ce ɗaya miƙe, yanzu sai an sa filogi da soket. In kaya iri ɗaya tak kake fitarwa da yawan gaske, ko kuma kowane giram na nauyi yana da muhimmanci a kayan, rabawar na iya zama asara. A irin wannan hali ka tsallake zuwa Mataki na 6, sauran jagoran zai yi maka amfani ko ba gaɓoɓi.

Kada ka wuce gaɓa 4 zuwa 7 a karon farko. Duk gaɓar da ka ƙara, ka ƙara wurin da za a yi saɓani.

Mataki na 4: Ka rubuta mahaɗa, ka kulle ta

Nan ne aikin yake. Mahaɗa ita ce duk sharaɗin da gaɓa biyu za su cika kafin su zauna tare lafiya. Kowace mahaɗa a ba ta takarda shafi ɗaya, da zane, da lamba, da kwanan wata, da sa hannun mutumin da ka naɗa. A cikinta a rubuta:

awon wurin haɗuwa, da iyakar kaucewar da aka yarda da ita;
irin kusa ko noti, nawa ne, da ƙarfin ɗaurinsu;
siffar filogi, launin kowace waya, da iyakar wutar da za ta bi;
sharuɗɗan da ba a gani, kamar iyakar nauyin kai;
wanda zai kawo kusar haɗin. Wannan na ƙarshe abin dariya ne a takarda, amma ya sha tsayar da layi, kowane ɓangare na zaton ɗayan ne zai kawo.

Maganar iyakar kaucewa tana bukatar natsuwa. Babu injin da ke yanka abu daidai cif kullum. In ka rubuta cewa kaurin sanda milimita 25 ne, ramin gindi ma 25, to ranar da sanda ta fito 25.05 rami ya fito 24.95 sai guduma. Ka rubuta haka: sanda 25.0, an yarda ta hau ko ta sauka da 0.1; rami 25.3, shi ma hawa ko sauka da 0.1. Sanda mafi kauri 25.1 ke nan, rami mafi matsi 25.2, ko yaya aka haɗa za su shiga. Sai ka duba ɗaya gefen: sanda mafi siranta 24.9 a rami mafi faɗi 25.4, tazarar rabin milimita. Kusar ɗauri za ta iya riƙe wannan ba girgiza? In ba za ta iya ba, ka matse iyakar, amma ka tabbata injinka na iya cika ta. Iyakar da inji ba ya iya kaiwa ƙarya ce aka rubuta, kuma ma'aikata za su koyi yin watsi da takardar gaba ɗaya.

Takarda ba ta isa ba, a ƙera magwaji. Ga masu sanda, a yi ƙarfe mai rami biyu: sanda mai kyau ta shige na farko, ta ƙi shiga na biyu. Ga masu gindi, a yi turke mai baki biyu da ke yin wannan aikin. Da haka masu gindi ba sa bukatar ganin sanda kafin su san aikinsu ya yi. In ba ka da halin ƙera magwaji yanzu, zaɓi sashe ɗaya da aka auna aka tabbatar, a shafa masa jan fenti, a ɗaure shi da sarƙa a jikin tebur. In ba a ɗaure ba, ranar da kaya suka yanke wani zai ɗauke shi ya cika oda.

Inda zai yiwu, ka siffanta mahaɗar yadda ba za ta haɗu a karkace ba: filogi mai shiga ta fuska ɗaya, ramukan kusa da tazararsu ba ɗaya ba. Shigeo Shingo, injiniyan Japan da ya yi aiki da Toyota, ya yaɗa wannan tunani, cewa gara a toshe hanyar kuskure da a yi ta gargaɗin mutum ya kula.

Sai doka, wadda za a faɗa wa kowa da baki kuma a manna a bango: a cikin gaɓarku kuna da 'yancin canza duk abin da zai inganta aiki, muddin magwaji ya karɓa kuma gwaji ya wuce, mahaɗa kuwa ba mai taɓa ta sai da sa hannu. Wannan doka ita ce ke buɗe ƙofar koyo, domin masu akwatin maɓalli za su iya gwada sabuwar dabara yau ba sai an kira taron masana'anta ba. Kwamfutocin System/360 da kamfanin IBM ya gabatar a 1964 sun nuna ƙarfin abin: saboda an tsayar da yadda na'urori ke haɗuwa da uwar kwamfuta, na'urar ɗab'i ko ta ajiya ɗaya tana aiki da ƙanana da manyan kwamfutocin dangin, har wasu kamfanoni suka shiga ƙera nasu na'urorin masu dacewa. Ka lura da wannan ƙarshen: mahaɗa bayyananniya tana sauƙaƙa maka, tana kuma sauƙaƙa wa abokin gasa.

Mataki na 5: Ka shirya wuraren aiki

Kowace gaɓa da nata wurin, da nata mutane, da nata kayan aiki, da nata gwaji a ƙarshe. A jera teburan kamar kofaton doki, mafari kusa da maƙura, don mutane su riƙa ganin juna, wanda ya sami sarari ya taimaki na kusa.

Yawan mutane lissafi ne. A ce lokacin aiki na zahiri minti 440 ne a rana bayan an cire hutu, kasuwa kuma na neman fanka 220. Kowane minti 2 ke nan dole fanka ɗaya ta fito, saboda haka kowace gaɓa ma ta fitar da ɗaya a minti 2. In kai yana cin minti 7 na aikin hannu, mutum 4 yake bukata. Gindi mai minti 2, mutum ɗaya.

Tsakanin kowane wuri da teburin haɗawa na ƙarshe, a zana gidaje a ƙasa da fenti, misali guda 10. In sun cika a dakata. Tarin gaɓoɓi yana ɓoye cuta: in an gano lahani yau a cikin abin da aka ƙera makon jiya, babu mai tuna me ya faru a ranar, kuma akwai ɗaruruwa irinsa a jibge.

Gwajin kowace gaɓa kada a yi wasa da shi. In gaɓoɓi 4 ne, kowace tana da kyau kashi 95 cikin 100, aka haɗa ba gwaji, kashi 81 ne kawai na fankokin za su fito lafiya tashin farko. Kusan ɗaya cikin biyar sai an kwance.

In ma'aikatanka ba su da yawa, mutum uku ko huɗu ne, ka ware teburan duk da haka, su riƙa zagayawa: safe a kan kai, bayan hutu a kan akwatin maɓalli. Magwaji da littafin kowace gaɓa su zauna a teburinta.

Mataki na 6: Ka rubuta hanyar aiki, ka koyar da ita

Abin da ke kan mutum ɗaya ba na masana'anta ba ne, ranar da ya tafi ya tafi da shi. Ga kowane aiki a yi takarda mai layi uku: matakin, sirrin yinsa, da dalilin sirrin. Misali: ɗaure fiffike, a juya shi da hannu sau ɗaya kafin a rufe raga, domin in yana gogar wani abu yanzu ne gyaran ke da sauƙi. Layin dalili shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi amfani. Wanda bai san dalili ba zai bar sirrin ranar da aka matsa masa da sauri.

Masu aikin ne za su faɗa, foman ya rubuta, a sa hoto inda magana za ta yi tsawo. Takardar da aka rubuto daga ofis a bango take tsufa.

Wajen koyarwa, ban ga abin da ya fi hanyar da gwamnatin Amurka ta yaɗa a masana'antunta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba, sa'ad da aka kwashi ƙwararru zuwa fagen fama aka cika wuraren da sabbin hannu. Toyota ta ɗauke ta a shekarun 1950. Matakanta huɗu ne. Ka kwantar wa mai koyo da hankali, ka ji abin da ya riga ya sani. Ka yi aikin a gabansa, ka maimaita kana faɗin sirrin da dalilin. Ya yi da kansa, yana faɗa maka su da bakinsa. Sannan ka bar shi, ka nuna masa wanda zai tambaya, ka riƙa leƙowa kana rage leƙen a hankali. "Zauna kusa da wane ka kalla" ba koyarwa ba ce; da dabarar wane da kuskurensa duk zai kwasa.

A allo, a jera sunayen mutane da ayyuka, a nuna wa ya iya me. Duk aikin da mutum ɗaya ne kaɗai ya iya, a fara da shi.

Mataki na 7: Littafin matsala da taron minti 10

Duk abin da ya tsayar da hannu a rubuta shi a littafin wurin a lokacin da ya faru: me ya faru, ƙarfe nawa, a kan wane samfuri. Layi ɗaya ya isa. Kowace safiya a tsaya a gaban allo minti 10, a tsaye, a zaɓi matsala ɗaya, wadda ta fi maimaituwa.

Sai a bi ta da "me ya sa" har a kai ga abin da za a iya gyarawa. Kan fanka na girgiza. Me ya sa? Kusa ba ta ɗauru ba. Me ya sa? Sukurudireban batir ba ya kai ƙarfin. Me ya sa? Batirin na yin sanyi bayan azahar. Me ya sa? Guda ɗaya ne, babu na canji. In amsar ta tsaya a kan "wane bai kula ba", ba a kai ƙarshe ba, a ci gaba da tambaya.

Sauyi ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, a sa masa ranar dubawa. In ya yi, a gyara takardar aiki a ranar, a koya wa kowa, har da masu aikin dare. In bai yi ba, a rubuta cewa an gwada bai yi ba, don kada a sake gwada shi baɗi.

Wannan mataki yana mutuwa ne ta hanya ɗaya: a tsawata wa wanda ya kawo matsala. Sau ɗaya ya isa, littafin zai koma fari fat, manaja kuma ya ɗauka an samu lafiya. A masana'antun Toyota an ba ma'aikaci igiyar da zai ja ya kira shugabansa in ya ga lahani, layi ya tsaya in ba a warware ba. Rataya igiya ba wuya. Fuskar da shugaban zai zo da ita ce ke sa a sake ja ko a daina.

Akwai kuma mataki na sama da gyara. In matsala ɗaya na dawowa duk da an gyara ta sau da dama, a daina tambayar yadda za a cika ƙa'idar, a tambayi ƙa'idar kanta. Chris Argyris, malamin jami'ar Harvard, ya yi dogon rubutu a kan bambancin waɗannan koyo biyu, da yadda ma'aikatu ke ƙwarewa a na farko suna guje wa na biyu. A aikace, irin wannan matsala a kai ta ga mai kula da mahaɗa.

Mataki na 8: Ka zana layin koyo

A 1936 injiniyan jirage Theodore Wright ya nuna cewa duk sa'ad da jimillar jiragen da aka taɓa ƙerawa ta ninka, aikin hannun da jirgi ɗaya ke ci yana sauka da kusan kashi 20 cikin 100. In na farko ya ci minti 100, na 2 zai ci 80, na 4 ya ci 64, na 8 kusan 51. Jimillar da aka tara ake dubawa, ba watannin da suka wuce ba. Kashi 20 ba doka ba ce. Inda inji ke yin yawancin aikin saukar ba ta kai haka. Naka adadin za ka nema.

Ga inda gaɓa ke shigowa. A ce samfura uku ne, kowanne an ƙera 1,000. In kowanne da akwatin maɓallinsa, kowane akwati an maimaita shi sau 1,000. In akwati ɗaya suke tarayya a kai, an maimaita shi sau 3,000, wanda bisa lissafin Wright zai rage aikin hannunsa da kusan kashi 30 cikin 100 a daidai wannan ranar, ba a sayi sabon inji ko ɗaya ba.

Kowane mako, ga kowace gaɓa, sa ɗigo a takarda: jimillar da aka ƙera a kwance, mintocin guda ɗaya a tsaye. Layin da ya miƙe ya daina sauka da wuri yana nufin hannu ya gama sabawa kuma ba a kawo sabuwar dabara. Koma Mataki na 7. Layin da ya juya ya hau, mantuwa ce. A Amurka an ƙera jiragen ruwa na dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945, ana walda manyan ɓangarori a gefe ana kawo su a haɗa. Na farko-farko sun ci sama da kwana 200, daga baya matsakaicin ya sauko wajen kwana 42. Amma da Linda Argote da abokan aikinta suka bi bayanan waɗannan wuraren ƙira a binciken da suka wallafa a 1990, sun gano cewa ƙwarewar da aka tara tana zubewa da sauri, ta kwanan nan ita ke aiki. Saboda haka gaɓar da ba a yawan nema gara a riƙa ƙera ta kaɗan-kaɗan akai-akai da a tara ta sau ɗaya a shekara. In dole a dakatar da ita, a ɗauki bidiyon aikin da waya kafin a rufe, a haɗa takardarta da magwajinta da littafinta a akwati ɗaya.

Mataki na 9: Kada ilimi ya maƙale a cikin gaɓa

Wannan ita ce cutar tsarin, kuma tana bayyana ne bayan an fara jin daɗinsa. Kowace ƙungiya ta ƙware a gaɓarta, magwaji na karɓa, amma kwastoma na dawo da fanka saboda wata ƙara da ba ta kai ba ce, ba ta sanda ba ce, ta haɗuwarsu ce. Kowa ya ce ba nasa ba ne, kuma kowa gaskiya ya faɗa.

Sau ɗaya a mako, a tara wakilin kowace gaɓa a teburin haɗawa, a kwance kayan da aka dawo da su tare. A riƙa musayar mutum ɗaya tsakanin gaɓoɓin da ke maƙwabtaka na mako biyu ko uku. In ana ba da lada, a ɗaura ta a kan cikakken kaya mai kyau da ya fita, ba yawan gaɓar da ƙungiya ta tura ba. In ka biya a kan yawan gindi, gindi za ka samu har ya toshe hanya.

Da mahaɗa ta zauna, za a fara ba ka shawarar ka ba wani kamfani kwangilar wasu gaɓoɓin. Yana yiwuwa. A masana'antar manyan motoci da Volkswagen ya buɗe a Resende ta ƙasar Brazil a 1996, kamfanonin da ke kawo gaɓoɓi su ne suka shigo cikin ginin suna ɗora su a layi da ma'aikatansu. Amma ka tuna da jirgin Boeing 787. An rarraba ƙirar manyan ɓangarorinsa ga kamfanoni a ƙasashe daban-daban, wasu suka riƙa isowa ba a kammala ba, aikin ya dawo kan masu haɗawa. Jirgin da aka yi niyyar miƙawa a 2008 sai a Satumban 2011 aka miƙa na farko, kuma a 2009 Boeing ya sayi masana'antar ɗaya daga cikin masu kawo masa ɓangarori a South Carolina don ya riƙe aikin da hannunsa.

Ra'ayina: kada ka fitar da gaɓar da ba ka taɓa ƙera ta da kanka har layin koyonta ya kwanta ba, kuma kada ka fitar da wadda ita ce dalilin da ya sa ake sayen kayanka. Wadda ka fitar, ka ba mai kwangilar takardar mahaɗa da kwafin magwaji, ka sa a yarjejeniya cewa zai sanar da kai kafin ya canza abu ko a cikin gaɓar ne, kuma ka ajiye mutum ɗaya a gidanka da zai iya kwance ta ya gane abin da yake gani.

Mataki na 10: Faɗaɗawa da canza mahaɗa

Bayan wata 3 ka sake auna abubuwa huɗun Mataki na 1. A makonnin farko adadin kan lalace kafin ya gyaru, don kowa sabon shiga ne a sabon tsari. Kada ka yanke hukunci a wannan lokacin. In sun gyaru, ɗauki dangin kaya na gaba, ka tura mutum biyu daga ƙungiyar farko su jagoranci aikin. Kafin a zana kowace sabuwar gaɓa, mai zane ya fara nuna dalilin da ya sa waɗanda ake da su ba za su yi ba.

Mahaɗa ma wata rana za ta tsufa, misali in sabuwar mota mara nauyi ta fito da ba ta dace da tsohon mazauni ba. A tara buƙatun canji a duba su lokaci guda, sau ɗaya ko biyu a shekara, ba duk wanda ya zo a yi ba. In an amince, a ba takardar sabuwar lamba, a tsayar da ranar sauyi, a ƙirga tsofaffin gaɓoɓin da ke sito a san yadda za a ƙarar da su, a ware na gyaran kayan da ke hannun kwastomomi, ko a ƙera ɗan sashen da zai haɗa tsohuwa da sabuwa. A ranar sauyin, foman ya zagaya da kansa ya karɓe tsofaffin magwaji da tsofaffin takardu daga kowane tebur, ya ƙirga su, kafin ya raba sababbi.